Tsakanin Gwiwa da Ido

"Mama, in ƙarfe ba ya shiga ɗakin nan, to ƙarfen da ke idon Baba fa? Cire idon za a yi a saka a kwando?"

Yarinyar ta yi tambayar da ƙarfi, tana leƙen kwandon robar da aka zuba makullan mahaifinta da bel da agogo. Ma'aikaciyar ɗakin hoto na asibitin, wadda har ta kama ƙofa za ta buɗe, ta saki mariƙin.

Uwar ta shiga jijjiga jaririn da ke kafaɗarta, alhali barcinsa yake yi.

Mijinta mai walda ne, aikinsa duk a tsugune. Wata rana ya miƙe da ƙofar ƙarfe a hannu, ya juya, gwiwar dama ta yi ƙas. Tun daga nan sai ta kumbura, wani lokaci ta maƙale a lanƙwashe ta ƙi miƙewa. An yi hoton ƙashi ya fito tas, har yayansa yana cewa son jiki ne kawai. Likita ya ce zatonsa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya yage, wanda ke hana su gugar juna, kuma hoton ƙashi ba ya ganinsa sai babban injin maganaɗisu. In ba a ga girman yagewar ba, ba a san aikin da za a yi ba. Sun sha jira kafin layi ya zo kansu, shago a rufe, masu kawo aiki sun koma wajen maƙwabcinsa.

A hanyar zuwa ya ja wa matarsa kunne kada ta tayar da tsohon zance. Da aka tambaye shi ko ƙarfe ya taɓa shiga jikinsa, ya ce babu, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Malam, me yarinyar nan take faɗi?" in ji ma'aikaciyar.

"Ke dai rabu da ita, aku ce. Bakinta ya fi ƙafarta sauri."

"Ba kai ka ce in na ƙi cin abinci za ka kalle ni da idon ƙarfe ba?" in ji yarinyar.

Wani tsoho a kan benci ya tuntsire da dariya. "Malam, an kama ka, kuma shaidar daga cikin gida take."

Ma'aikaciyar ta dubi uwar. Uwar ta dubi gwiwar, ta dubi idon. Sannan ta ce: "Gaskiya ne. Yana goge ƙarfe da inji, ɓurɓushi ya faɗa masa a idon hagu. Abokin aikinsa ya share masa da gefen hankici, ya ce ya fita. Ba mu je asibiti ba."

"Haba, maman yara! Ke ma?"

"Baban yara, gwiwa ka kawo a duba. Kada mu koma da ido ɗaya."

Ma'aikaciyar ta ce maganaɗisun injin yana iya motsa ƙarfe ko da bai kai ƙwayar yashi ba, in kuwa a cikin ido ya motsa, sai dai Allah Ya kyauta. Ta tura su a ɗauki hoton idon da na'urar hoton ƙashi. Da ya fito, ga ɗigo fari fat a gefen hagu. Aka ce babu shiga inji sai likitan ido ya gan shi, can ma layi ne. Aka kira na bayansu.

Suna saukowa daga bene gwiwar ta maƙale. Ya zauna daɓas a kan matakala, ya dafe ta da hannu biyu, gumi na tsattsafo masa. Uwar ga jariri a kafaɗa, ga jakar hotuna a hannu, ba ta iya ɗaga shi, ba ta iya ajiye kowa. Mutane suna raɓawa suna cewa sannu. Bai ɗago ya kalle ta ba.

"Mama, laifi na yi?"

"A'a, uwata. Riƙe wa Babanki sandarsa."

Kai mai aikin ƙarfe, da ke matarsa: ranar da ɓurɓushi ya faɗa ido, a nufi asibiti a ranar, kada a yarda da hankici. In kuma an tsaya a ƙofar injin nan ana tambaya, a faɗi gaskiya, ko da za a koma gida da ɗingishin da aka zo da shi.