Keken da Ke Tsinka Zare

Baba ya runtse ido, ya kara kunnensa jikin keken ɗinkin, ƙafarsa na takawa a hankali. Shagon ƙarami ne, warin man keke ya kama bango, ga kawunan kekuna jere a ƙasa kamar masu jiran likita.

"Auta, matso ka ji. Ka ji wani ƙas-ƙas a ƙasan allura? Nan ciwon yake."

Auta na tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Shekara uku ke nan da ya bar makaranta da sunan zai gaji sana'ar mahaifinsa, amma abin da ya iya bai wuce goge ƙura da ɗiga mai ba.

"Baba, ana jirana. Ranar Asabar zan zauna, wallahi tun safe."

"Asabar ɗinka ba ta cikin kalanda," in ji Baba, bai ko ɗago ba.

Kuma ba ƙarya Auta yake shiryawa ba. Kullum da niyyarsa yake tashi. Sai dai hanyar shagon ta bayan tasha ta bi, inda abokansa ke zaman benci, ana zagayawa da robar lemon da aka tsiyaya wa maganin tari. Kurɓa biyu jiki ya mutu, duniya ta yi laushi, babu abin da ba zai iya jira ba.

"Injiniya, zauna mana," haka suke tsokanarsa. "Tsohon ai ba gudu zai yi ba."

* * *

A kan bencin yayarsa ta same shi wata Laraba da azahar, baki buɗe, ƙuda na bin leɓensa. Sai da ta girgiza shi sau uku.

"Tashi. Baba ya faɗi a shago."

Bayan mako biyu aka dawo da Baba daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Auta ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Umma, na daina. Gobe zan buɗe shagon."

"Kada ka ƙara ce mini gobe a gidan nan." Ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta ajiye a gabansa.

A ranar ya buɗe. Ya sauya hanya, yana zagayawa ta kasuwa don kada ya ga bencin. Kwana biyar jikinsa na rawa, gumi na jiƙa masa riga, ƙasusuwansa na kiran robar nan da sunanta. Ya cije, bai je ba.

A rana ta shida wani tsohon tela ya shigo rungume da kan keke. Shi ne babban mai kawo wa Baba aiki, inda ya kai kekensa nan sauran telolin layin ke kai nasu.

"Ɗan Malam, tsinka zare yake yi. Ubanka kafin in gama gaisuwa ya gama da shi. Kayan 'yan makaranta ne jibge a kaina. Zuwa la'asar, ko in nemi wani?"

"Zai yi, Baba Tela."

Ya sauya allura, ya ɗiga mai, ya hure ƙura. Ya taka, zare ya tsinke. Ya sake zurawa, ya sake tsinkewa.

* * *

A ka ya ɗauko keken zuwa gida. Ya dire shi kusa da katifar Baba, ya juya shi da hannu.

Idon tsohon ya buɗe tar. Ya ji, babu shakka ya gane. Leɓensa ya motsa, amma abin da ya fito gurnani ne da yawu. Umma ta goge masa da gefen mayafi.

"Wane noti ne, Baba? Wannan? Ko na ƙasa?"

Hannun hagun Baba ya ɗago da ƙyar, yatsu biyu suka haɗe kamar sun riƙe sukundireba.

"In ɗaure ko in sassauta?"

Daga ƙofar gida aka ji sallamar tela, ya zo karɓar kayansa. Yatsun Baba na ta juyawa a iska, a hankali, Auta na kallonsu.