Makarantar Ƙetaren Kogi

Burodi da cuku a leda, gorar kofi, tuffa biyu, da tsohuwar rigar sanyi ja mai tambarin Kwalejin Tarbell, wadda ubanta ya jefa mata a cinya tun a ƙofar gida. Kayan tafiyar Maren ke nan. Sun yi nisa cikin gonakin masarar Ohio, ubanta Curtis na tuƙi, bakinsa bai huta ba.

A Tarbell ya yi karatu, haka ubansa, haka kakansa. Ranar da ya auri likitar haƙoransa, bayan ya bar uwar Maren, ya dafa kafaɗar ɗan amaryar a gaban jama'a ya ce ga magajin gidansu a Tarbell. Maren na tsaye da faranti a hannu. Yaron bai ci jarrabawa ba. Sai Curtis ya tuna yana da 'ya.

Nazarin zamantakewa take son karantawa. Shi digirin gulma yake kiransa, amma yau ya ce ta karanta ko mene ne, muddin a Tarbell ne. Ya ce ta shiga neman gurbi na farkon kaka kawai: makaranta ɗaya tak, uwa ko uba ya sa hannu, in an ɗauke ki babu ja da baya. A wannan zagayen ake duba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai.

"To, Baba," ta ce.

Ta sa rigar. Da suka isa Tarbell, ta bi masu zagaya makaranta. Ta tsaya ya ɗauke ta hoto a kan bulon da aka sassaƙa sunan gidansu, ta jira har ya tura wa abokansa duka. Daga kan tudu ana hango Kwalejin Orlin a ƙetaren kogi, abokiyar gabarsu a ƙwallo. Curtis ya juya wa Orlin baya yadda al'adarsu take, ya rera waƙar zagi, muryarsa har tana rawa.

Maren ta daɗe tana kallon ƙetaren. Akwai wata makaranta a Chicago da ta fi kwanta mata, malamanta sun fi, ta san haka sarai. Amma Chicago ba za ta hana Curtis barci ba.

Da suka dawo ƙofar gidan uwarta, ta cire rigar, ta ninke, ta ajiye a kan kujera.

"Riƙe mana, 'yar gidana, ai taki ce."

"Kai wa magajinka."

Ya yi dariya, ya ce ta bar wannan tsohuwar magana, ran Asabar zai zo ya sa hannu.

Ta fita, ta rufe ƙofar motar a hankali, ta sunkuya ta taga.

"Kada ka wahalar da kanka. Orlin zan nema, na farkon kaka. Mama ce za ta sa hannu."