Hoton da Ya Riga Gawa Isa Gida

Malon ya ci amanar gawa. Yunwa ba ta sa shi ba, tsoro bai sa shi ba. Son a san shi ne kawai ya kai shi.

Shekara tara yana tuƙa jirgin ruwan Sarki. Wadda ta sama masa aikin ita ce Ma Dosina, matar Sarkin, ƙanwar mahaifiyar Malon ɗin, wadda ta goya shi bayan uwar ta rasu. Ranar da abin ya faru, tun sassafe yana bakin ruwan garin Albina, ya cika tankuna da fetur, yana jiran motar da za ta zo daga asibitin birni. Da ta iso, maza huɗu suka sauko da dogon akwati, suka kwantar da shi a tsakiyar jirgin, suka rufa masa tamfol.

Kabiten Asaiti, ɗaya daga cikin dagatan Sarki, dattijon da ya yi jinyarsa wata biyu a birni, ya ja Malon gefe.

"Ka san abin da ka ɗauko?"

"Na sani, Kawu."

"Ba ka sani ba. Sarki ya gaji, yana barci, za mu kai shi gida. Ko ɗan sanda ne ya tambaye ka, abin da za ka faɗa ke nan."

Babu wanda aka haifa a kogin nan da bai san wannan ba. Sarki ba ya mutuwa sai dattawa sun ce ya mutu. Shi ne mai sarauta, shi ne kuma mai riƙe da ɗakin bauta, bakin da ke magana da kakanni. Sai an kai shi tsibirin fada, an zuba wa kakanni giyar rake a ƙasa, tsofaffin mata sun zaunar da matarsa a ɗaki sun riƙe ta gam, sannan a gaya mata. Bayan ta ji ne ake harba bindiga, ƙauyuka su sani. Kafin nan ko hawaye ba a yarda a gani ba.

Kabiten da sauran mazan suka haura rumfar mai shayi su karya kumallo. Aka bar Malon shi kaɗai da akwatin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga tamfol. Akwatin asibiti ne, mai gilashi daidai fuska. Ga Sarki nan, ya rame, an cusa masa auduga a hanci. Malon ya ciro waya ya ɗauki hoto.

Akwai wata Sharita da ke aiki a ƙasar Holan, wadda ya daɗe yana nema, ita kuwa kullum sai ta ce masa direban kwale-kwale. Ita ya tura wa hoton, ya bi shi da murya: "Kin ce ni ba kowa ba ne. To duba wanda aka damƙa a hannuna yau. Kada ki nuna wa kowa." Ya mayar da tamfol, ya zauna gindin inji kamar bai motsa ba.

Suka kama hanya. Tooli, tsohon abokin aikinsa mai riƙe da gora a gaban jirgi yana duba duwatsu, ya juyo ya ce, "Yau ka tuƙa kamar mai hankali, ba kamar kana gudun surukarka ba."

"Kai dai duba gabanka, tsoho. Idonka ma ya fara mutuwa."

A ƙauye na farko mata suna wanki a kan dutse. Suka ɗaga hannu. "Kabiten, ina Sarki?"

"Yana barci. Ya ce a gaishe ku."

"A gaishe shi. Ka ce mun ajiye masa kifi."

Da suka wuce gangaren ruwa na biyu, layin waya ya ɗauke. Malon ya ji hankalinsa ya kwanta, kamar abin da ya yi ya tsaya can baya tare da layin.

Rana ta karkata kaɗan suka doshi wani ƙauye mai dogon ƙarfen waya a kan tudu. Tun daga nesa ake jin kukan. Mata sun ɗora hannu a ka, wasu suna birgima a yashi. Kabiten ya sa aka rage wuta.

"Wa ya rasu a garinku?"

Wani magidanci ya shigo ruwa har gwiwa, ya ɗaga waya sama. "Kawu, mu za ka tambaya?"

Kabiten ya daɗe yana kallon abin da ke cikin wayar. Bai juyo ba. Ya ce, "Tuƙa."

Tooli ne ya juyo, ya dubi Malon sau ɗaya, ya mayar da fuskarsa ga ruwa. Bai ƙara yi masa wasa ba.

Malon ya riƙe inji. Ya gaya wa kansa cewa ma'aikatan asibiti ma suna da waya. Direban motar ma yana da ita. Da wannan ya yi ta lallashin zuciyarsa, ƙauye bayan ƙauye, kowane da nasa kukan, babu wanda ya jira bindiga.

La'asar ta yi suka isa tsibirin fada. Mutane sun cika bakin ruwa ba tsari, ba mai shela, dattawa sun tsaya gefe kamar baƙi a garinsu. Malon ya ɗaure jirgi, yana neman fuskar Ma Dosina a cikin taron. Yayarsa Yolanda ya gani, zanenta jiƙe sharaf har ƙirji.

"Yaya, ina Inna?"

"Tana ɗaki. An rufa ta."

Bai gane ba, sai ta faɗa masa a tsaye, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Inna tana cikin ruwa tana wanke tukwane, tana shirin girkin tarbar mijinta. Wata ta ƙwala ihu a kan dutse, mata suka taru a kan waya. Inna ta matso ta leƙa. Babu wanda ya zaunar da ita, babu wanda ya riƙe ta. Ta yi baya, ƙeyarta ta sami dutse, ruwa ya ja ta. Yolanda ce ta tsamo ta can ƙasa da mashaya, inda jirage ke tsayawa.

"Ƙila 'yan asibiti ne," in ji Malon.

Yolanda ta ciro wayarta daga ƙullin zane, ta danna, ta ƙure sauti. Muryarsa ta fito tangaran, kowa yana ji. Kin ce ni ba kowa ba ne.

"Mutum ɗaya na tura wa, Yaya."

"Ita ma mutum ɗaya ta tura wa."

Ya nufi hanyar gidan Ma Dosina. Tsofaffin mata uku suka tare ƙofa. Ya durƙusa, ya roƙa a bar shi ya ga fuskarta ko sau ɗaya. Kabiten Asaiti ya iso bayansa yana dogara sanda.

"Fuskar da ka gani yau ta ishe ka," in ji shi. "Tashi ka ba mutane hanya."

Kwana uku bayan haka dattawa suka zauna a kansa, zaman bai kai awa guda ba. Aka karɓe jirgin aka ba Tooli. Aka hana Malon tsayawa a jana'izar Sarki da ta Ma Dosina. Aka aika kowane ƙauye cewa kada a bar shi ya taka mashaya, kada a ba shi ruwa, kada a amsa gaisuwarsa. In ya mutu, ba za a sassaƙa masa akwati ba, ba za a kawo shi cikin danginsa ba. Da hantsi aka sa shi a jirgin masu kai ayaba, aka sauke shi a Albina.