Nono Babu Goyo

A shagon ɗinki abin ya fara. Ina kan keke ina haɗa labule sai abokiyar aikina ta kalli ƙirjina, ta kau da kai, ta miƙo mini mayafinta. Da na duba, gaban rigata ya jiƙe wuri biyu. Na shiga bayi na matsa, sai ga nono fari tas. Autata kuwa har ta shiga makaranta.

Baban yara a jirgin ruwa yake aiki, rabonsa da gida ya fi shekara. Ni da yara da mahaifiyarsa, Inna, muke zaune a hawa na biyu. Inna ba muguwa ba ce, amma idonta ba ya tsallake abu. Ita ke kwashe shanya, ba a jima ba ta ga tabon da sabulu bai fitar ba.

Dama cikina ya daɗe yana ba ni wahala. In ci loma biyu ya kumbura tim, bayan gida kuma sai an yi da gaske. Likita ta ce hanjina ne ya yi sanyin aiki, ta rubuta mini wasu ƙananan ƙwayoyi in riƙa sha kafin abinci. Sun yi mini amfani kuwa, har na ɗan yi kumatu. Ban taɓa kawo su a raina ba. Ina ruwan hanji da nono?

Sai al'adata ma ta ɗauke.

Daga nan Inna ta koyi "wucewa" ta shagonmu. Matar da gwiwa ke hana ta sauka bene, sai ga ta tsaye a ƙofa tana ƙare wa mai shago kallo, tana tambayar mai kawo mana yadi ko yana da iyali. A gida na ji tana tambayar babban ɗana wa ya sauke ni ranar da aka yi ruwa. Ni ma na zama abin da na zama. In abokiyar aikina ta yi dariya a waya, sai in ce da ni take. In Inna ta haɗa mini shayi, sai na shinshina. Can ƙasan raina kuma tsoro nake, ko wani mugun ƙari ne ke girma a jikina.

Wata safiya ina ɗaura wa auta takalmi Inna ta ce, "'Yar nan, kwana biyu ban ga kin huta da salla ba."

"Haka ne, Inna."

"Ni ma fa mace ce. Na yi goyo, na san warinsa."

Na sallami yaran, na rufe ƙofa. "Inna, faɗi abin da ke bakinki."

"Ba ni da abin faɗi. Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Likitar ta sa aka yi mini gwajin ciki. Babu komai. Ta tambayi yaushe abin ya soma, ta duba kwalin maganin da na fito da shi daga jaka, ta dafa goshi.

"Wannan ne. Yakan sa jikin wasu ya ɗauka shayarwa suke, nono ya zo, al'ada ta tsaya. Har maza yana kumbura wa ƙirji. Ya kamata in gaya miki tun farko. Ki daina sha, zan canza miki wani, mu kuma duba jininki."

Na sauke numfashi, hawaye suka zubo. Ina jira Inna ta ce wani abu mai daɗi. Sai ta gyara zama.

"Likita, in da akwai aka cire fa, gwajin zai nuna?"

Ni likitar ta kalla tukuna, sannan ta ce, "Baba, babu abin da aka cire. Magani ne, ni na rubuta shi."

Da za mu sauka daga mota Inna ta miƙo hannu in taimaka mata, na taimaka mata.

Bayan 'yan makonni nonon ya ƙafe, al'ada ta dawo. Kumburin ciki ma ya dawo, don sabon maganin bai kai na farko ba, amma na gwammace hakan.

Baban yara ya iso ƙarshen shekara da tsaraba niƙi-niƙi. Ban ba shi labarin ba, ban kuma tambayi Inna ko ta ba shi ba. Washegari ina zuba masa ruwan wanka ya ce, kamar da wasa, "Wai meye ma sunan maganin nan da kika sha?"

Na gaya masa. Ya sa na maimaita a hankali. Da na juyo da bokitin, na gan shi zaune a bakin gado yana rubuta sunan a wayarsa, ya ɗan karkatar da fuskarta daga gare ni.