Farin Dutse

Mai kemis ta duba kantar sama, ta duba ta ƙasa, ta girgiza kai.

"Ya ƙare, Baba. Duk layin nan babu."

Baban Auta ya tsaya riƙe da kwalin maganin 'yarsa, babu komai a ciki. Daga masana'antar niƙa dutse ya taho, gari fari fat a girarsa da wuyan rigarsa. Ƙodar Auta ta gaza. Likita ya ce wani gishiri ke taruwa a jininta, shi ke sa ta susa har fata ta fashe, kuma farar ƙwayar nan ce ke kama shi a cikin abinci kafin ya shiga jiki.

"Wai da me ake yin ta ne, 'yata?"

Ta nuna kafaɗarsa. "Ga shi nan ka yafo. Farin dutse ne irin naku, sai dai an tace shi. Kada ka soma fa, Baba. Naku cike yake da datti, har dalma ana samu."

Ya koma aiki. Buhuna jibge har rufi. Wani mai kiwon kifi yana lodin garin a mota, wai ruwan tafkinsa ya yi tsami, kifaye na kifewa, amma da an barbaɗa garin sai su farfaɗo.

"Fatalwa, kama mana!" in ji mai injin. "Ko kifin ne surukanka, ka tsaya kana jin kunya?"

Ya kama. Da motar ta tashi, ya je bakin injin, inda gari ya fi laushi, ya cika leda, ya cusa a aljihu.

Da la'asar ya tarar da matarsa tana yi wa Auta fifita. An ɗaure wa yarinyar hannuwa da safa don kada ta yagi kanta.

"Ina rariya?"

"Me za ka tankaɗe?"

Ya fito da ledar. Ta dube ta, ta dube shi.

"Baban Auta, 'yarka ce fa, ba bango ba ce da za ka shafe."

"Abu ɗaya ne. Mai kemis ce ta faɗa."

Ba ta yi musu ba. Ta kwance bakin zaninta, ta nuna masa ƙwaya guda, ta ƙarshe, wadda ya bar mata da safe.

"Likita ya ce sai da abinci take aiki. Tun jiya ko loma ɗaya ba ta wuce ba. Ko buhu ka kawo, me zai kama?"

Auta ta buɗe ido. "Baba, ka tsufa," ta ce, tana kallon farar girarsa.

Ya ajiye ledar a bayan ƙofa, ya wanke hannu a roba har ruwan ya koma kamar madara. Ya ɗauko kwanon abincin Auta da ya huce, ya cika cokali, ya rage rabi, ya sake ragewa.

"Ɗan wannan kawai, uwata."

Ta juya fuska bango. Bai sauke cokalin ba.