Lallen Baƙon Barau

Kwaɗayi mugun ciwo ne, kuma shi ya kayar da Barau, fatoman Maigatari mai saukar da fatake.

Shekarar da agana ta ɓarke a Damagaram, duba-gari ya zo daga Gumel ya tara wanzamai, ya koya musu yin lambar rigakafi da gane cutar. Ya ce a duba fuska, in an rufe ta a duba tafin hannu. Aka ba Ilu wanzami tsaron rijiyar arewa, inda ayarin ƙasar Faransa ke shan ruwa kafin ya shiga kasuwa. Ilu ya san in mutum guda ya wuce shi da cutar ranar Alhamis, ranar kasuwa, to, har Gagarawa sai an yi jana'iza.

Ran Laraba sai ga Barau ya taro ayarin kanwa. A cikinsu akwai wani bisa raƙumi, ya ja amawali har ido, hannuwansa jajir da lalle.

Barau ya ce, "Sarkin Aska, wannan ango ne, kada ka kunyata shi."

Ilu ya ce, "Angwaye nawa na yi wa aski, Barau? Ban taɓa ganin wanda ya bar amarya ya biyo kanwa ba. Ango, miƙo hannu mu gaisa."

Shi Ilu yana da lamba a dantse, bai ji tsoro ba. Ya riƙe hannun. Zafi zau, ga ƙuraje ƙarƙashin lallen kamar tsabar dawa. Nan baƙon ya faɗi gaskiya: shi ne mai ayarin, Barau ya tare su tun a hanya ya ƙunsa masa lalle don kada ciniki ya wuce shi.

Aka kafa wa baƙon bukka a bayan gari. Iya Lauratu, wadda ta yi agana tun tana yarinya, ta yi jinyarsa. Ilu ya yi wa ayarin lamba, da gidan Barau kaf. Mako uku yana bi gida-gida yana duba tafin yara. Ko ɗaya bai kamu ba. Baƙon ma ya warke. Ranar Ilu ya ci tuwo har da ƙari.

Barau kuwa, an ƙone masa riguna biyu da bargon da ya lulluɓa wa baƙon. Kasuwa uku yana tsare a gida. Fatakensa bakwai suka koma gidan wani fatoma, Cindo, ba wanda ya dawo.