Rosh ɗin Riɗi

Alhaji Ishiyaku, mai sayen hatsi a Gwaram, bai taɓa buɗe baki ya ce bai sani ba. Sau ɗaya ya je Legas, tun daga nan yake gyara wa mutane Turanci.

Wata safiya surukinsa Musaddiq ya bugo waya daga Birnin Kudu. Layin na yankewa, abin da Alhaji ya tsinta kawai shi ne, "Baba, ana rosh ɗin riɗi a nan." Ya ce ya gane, ya kashe wayar. Bai gane ba, ga shi kuwa sitonsa maƙare da riɗi.

Tambayar suruki zubar da girma ne, sai ya fita wai zai gwada ilimin jama'a. Mai kemis ya ce rosh shi ne a kwashi mara lafiya a yi asibiti da shi ba shiri. Tela ya ce ɗinkin jajibirin sallah ne, irin wanda wuyan riga ke fitowa a karkace. Wani malamin firamare ya ce har wata ciyawar fadama ana kira haka, Alhaji ya ba shi shawarar ya koma aji. Iliyasu direba ya ce rububi ne, kowa na ture kowa. Wannan ta yi wa Alhaji daɗi, ya ce Iliyasu kaɗai ya ci jarrabawar.

Nan take aka loda buhunan a motar Iliyasu, aka nufi kasuwar Birnin Kudu. Duk ramin da suka faɗa a hanya, Alhaji cewa yake a ƙara wuta, kada a riga su.

Sun tarar da rububin kuwa, amma na masu sayarwa. Manoma har daga Maruta da Kwandiko sun zube riɗi ko'ina, masu saye biyu tak na zaune a inuwa suna sakace.

Musaddiq ya hango shi, ya zo ya durƙusa. "Baba, ai cewa na yi kowa na rosh ɗin sayarwa, ka riƙe naka tukuna."

"Na ji ka sarai," in ji Alhaji. "Zuwa na yi in gani da idona."

Ba a sauke ko buhu ɗaya ba suka juya. A gida ya gaya wa matarsa Kaltume cewa riɗin ya daɗe a kulle, shi ya sa ya kai shi shan iska. Ta yi masa sannu da zuwa, ta ajiye masa abinci, ta ɗauki mayafinta ta shiga maƙwabta.